Gwiwa ce ta ji ciwo, sauran jiki lafiyarsa ƙalau

Idan mutum ya ji rauni a gaɓa, shawarar farko da yake samu daga 'yan uwa da abokan arziki ita ce ya kwanta ya huta har sai ya warke sarai, kuma babu shakka ƙauna da tausayi ne suke sa a faɗi hakan. Masu zuwa dubiya sukan ce, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, kada ka kuskura ka taka ƙafar nan," sannan kowa ya kawo labarin wani da ya yi gaggawar tashi ciwo ya dawo masa ɗanye. Na sha jin wannan shawara a lokacin da nake jinyar gwiwata ta hagu, bayan jijiyar da ke riƙe gefenta na ciki ta ɗan yage a wajen ƙwallon yamma da muke bugawa a filin unguwarmu a Kano. Na karɓi addu'o'in da hannu biyu, amma ban ɗauki shawarar gaba ɗayanta ba, domin likitan da ya duba ni ya nuna mini cewa hutun da irin wannan rauni yake buƙata gajere ne, kuma na gwiwar ne ita kaɗai. Zuciya da huhu da baya da hannaye da ɗaya ƙafar babu abin da ya same su, kuma idan aka kwantar da su na tsawon makonni saboda ciwon da ba nasu ba, mutum zai tashi daga jinyar gwiwa ya tarar da wata sabuwar jinya tana jiransa.

Kafin a kai ga maganar motsi, wajibi ne a san abin da ya lalace a ciki, domin targaɗe daban, tsagewar ƙashi daban, karaya da gocewa kuma kowanne da irin kulawar da yake so. Motsin da zai taimaki mai targaɗe yana iya nakasa wanda ƙashinsa ya tsage bai sani ba. Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun tsara wasu ƙa'idoji a shekarun 1990 domin gane wanda ya kamata a ɗauka masa hoton ƙashi bayan rauni a idon sawu ko gwiwa, kuma ɗaya daga cikin alamomin tana da sauƙin riƙewa: idan mutum ya kasa taka ƙafar ya yi taku 4, ko da yana ɗingishi ne, to a nemi hoto. Haka nan idan gaɓar ta canza siffa, ko ta kumbura suntum cikin ɗan lokaci, ko gwiwa ta ƙage ta ƙi miƙewa, ko ƙafar ta yi sanyi ta mutu kamar ba ta jikin mutum, babu wani jira da ya rage. Ba na raina masu ɗori, domin sana'a ce ta gado kuma a ƙauyuka da dama su ne suka fi kusa da jama'a, amma hannu ba ya ganin abin da hoto yake gani, kuma likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa da yadda ɗauri mai tsanani yake tare jini har gaɓa ta ruɓe a kai ga yanke ta. Mu da muke Kano muna da asibitin ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959, kuma manyan asibitoci da yawa a Arewa suna da sashen gashin ƙashi. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, shi ya sa likita ya riƙa lanƙwasa gwiwata yana tura ta gefe da hannunsa kafin ya tabbatar mini cewa yagewar ba ta kai ga tsinkewa ba, ba a buƙatar tiyata, sai abin ɗaure gwiwa mai ƙarfe a gefe da sanda ta ɗan lokaci.

Shawarar cikakken hutu ba a gidajenmu kaɗai ta yi ƙarfi ba, har likitocin wasanni sun daɗe a kanta. A 1978 wani likita Ba'amurke mai suna Gabe Mirkin ya yaɗa tsarin nan da ya shahara a duniya, na hutu da ɗora ƙanƙara da naɗe gaɓa da ɗaga ta sama. Bayan shekaru masu yawa, a 2014, shi da kansa ya fito ya bayyana cewa yawan ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa maimakon su gaggauta ta. A 2019 wasu ƙwararrun masu gashin ƙashi biyu daga Kanada suka wallafa wani sabon tsari na kula da raunin tsoka da jijiya, inda suka ce a kare gaɓar na kwana 1 zuwa 3, daga nan a fara ɗora mata nauyi kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda ciwo ya bari, a kuma fara motsin da yake sa jini gudu ba tare da ya fama wurin ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, sun sanya kyautata zato a jerin abubuwan da warkewa take buƙata, kafaɗa da kafaɗa da atisaye, saboda an lura cewa wanda tsoro da yanke ƙauna suka rinjaye shi yakan fi daɗewa bai murmure ba.

Dalilin wannan sauyi a fili yake ga wanda ya san ɓarnar da dogon kwanciya take yi wa jiki. A 1966 a birnin Dalas na Amurka, masu bincike sun kwantar da samari 5 lafiyayyu 'yan shekara 20 a gado na tsawon mako 3 ba tare da tashi ba. Da aka auna su bayan nan, ƙarfin da jikinsu yake da shi na amfani da iska yayin aiki mai wuya ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. An sake nemo mutanen nan bayan shekara 30 aka maimaita awon, sai aka tarar cewa mako 3 ɗin nan na kwanciya sun fi shekara 30 na tsufa rage musu ƙarfi. Akwai albishir a cikin binciken kuma, domin horon mako 8 da aka ba su bayan kwanciyar ya dawo musu da abin da suka rasa. Wannan labari ya tsaya mini a rai, musamman da na ga cinyata ta hagu ta fara ramewa tun kumburin gwiwar bai gama sacewa ba, har wandon da yake cika a dama ya riƙa yin sako-sako a hagu.

Mai gashin ƙashin da aka tura ni wurinsa ya fara ni da wani atisaye wanda a ido bai kai a kira shi motsa jiki ba. Nakan zauna a kan tabarma in jingina da bango, in miƙe ƙafa, in naɗe tawul in sa a ƙarƙashin gwiwa, sannan in danna bayan gwiwar a kan tawul ɗin ina ɗaure tsokar cinya har ƙoƙon gwiwa ya ɗan ja sama, in riƙe ina ƙirgawa a hankali, sannan in saki. Da farko tsokar ta ƙi amsawa, ina umartarta tana rawa kawai kamar ba ta ji ba, kuma ya bayyana mini cewa kumburi a cikin gwiwa yakan sa ƙwaƙwalwa ta rage saƙon da take aika wa wannan tsoka, saboda haka aikin farko shi ne a farkar da ita. Ya ce in ɗora yatsu a kan tsokar da ke saman gwiwa ta ciki domin in riƙa jin lokacin da ta yi tauri. Bayan wannan sai jan diddige, wato in kwanta rigingine in janyo diddige zuwa gare ni a hankali har inda gwiwa ta yarda ta lanƙwashe, sannan in mayar. Nakan yi alama da alli a ƙasa daidai inda diddigen ya tsaya, kuma a ranakun da nake ganin kamar babu abin da yake canzawa, layukan allin nan da suke matsowa kusa da ni, tazarar yatsa bayan tazarar yatsa, su ne hujjar da ta fi kowace magana kwantar mini da hankali. Gaɓa tamkar ƙyauren ɗaki ce, idan aka daɗe ba a buɗe shi ba maƙalarsa takan yi tsatsa, ranar da aka zo buɗewa kuma sai an sha wuya.

Ya kuma koya mini ƙananan abubuwa na zirga-zirgar yau da kullum waɗanda ba kowa yake sani ba. Sanda ana riƙe ta ne a hannun da yake ɓangaren ƙafa mai lafiya, ta riƙa tafiya tare da ƙafa mai ciwo. A hawan matakala lafiyayyar ƙafa ce take fara hawa, a saukowa kuma mai ciwon ce take fara sauka. Tsugunno, ko a bayan gida ko a wajen alwala, shi ne abin da ya fi wahalar da gwiwa mai rauni, saboda haka kujerar roba ta zama abokiyar tafiyata a cikin gida na wani lokaci. Ya ja kunnena a kan abu ɗaya da babbar murya: idan tsokar sha-raɓa, wato ta bayan ƙwauri, ta kumbura ta yi ɗumi da ciwo, ko numfashi ya fara yi mini wuya haka kawai, in tafi asibiti a ranar, domin daskarewar jini a jijiya tana iya biyo bayan rashin motsi, kuma tana kisa. Motsa tafin ƙafa sama da ƙasa a kai a kai, ko ana zaune ana hira, yana cikin abubuwan da suke taimaka wa jini ya riƙa gudana.

Sauran jiki kuwa ban ba shi hutu ba. A zaune a kan kujera ana iya ɗaga nauyi da hannaye, kuma ba sai an je gidan motsa jiki ba, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ƙaramar jarka kuma tana da mariƙi mai daɗin kamawa. Na ɗaure tsohuwar robar cikin tayar keke a jikin ƙarfen taga ina ja domin ƙarfafa baya da kafaɗu, na kuma riƙa kai naushi a iska ina zaune har gumi ya keto mini, domin zuciya ba ruwanta da ko ƙafa ce ta sa ta bugawa ko hannu. Da gwiwar ta fara lanƙwashewa sosai sai aka ba ni izinin hawa keken nan na motsa jiki da ba ya barin wuri ɗaya, ba tare da an ƙara masa nauyi ba. Ƙafar dama ma na ci gaba da horar da ita, kuma a nan akwai wani abin mamaki a halittar ɗan Adam da aka gano tun 1894 a jami'ar Yale ta Amurka: idan aka horar da gaɓar ɓangare ɗaya, takwararta ta ɗaya ɓangaren tana samun wani kaso na ƙarfin ko da ba a motsa ta ba, saboda wani ɓangare na ƙarfi a ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo yake, ba a tsoka kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa baligi ya riƙa samun minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, ta kuma ƙara da cewa motsi kaɗan ya fi babu. Ban kai wannan adadi ba a farkon jinya, amma shi ne abin da na riƙa fuskanta.

Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce yadda mutum zai bambance ciwon da za a jure da ciwon da yake gargaɗi. Bahaushe ya ce jiki magayi, amma sai an koyi sauraronsa, domin wanda yake tsayawa da zarar ya ji ɗan tsami ba zai taɓa ci gaba ba, wanda kuma yake cije haƙori a kan kowane irin zafi zai mayar da hannun agogo baya. Masu gashin ƙashi sukan yi amfani da ma'auni daga sifili zuwa 10, inda sifili yake nufin babu ciwo, 10 kuma ciwon da ba a iya jurewa. Nawa ya ce mini muddin ciwon bai wuce 3 ba, kuma irin na tsami ne ko ja, in ci gaba. Idan ya zama suka mai kaifi, ko gwiwar ta yi kamar za ta zame daga ƙarƙashina, in tsaya nan take. Alƙalin ƙarshe kuma shi ne wayewar gari: idan na tashi da asuba gwiwar ta fi jiya kumburi ko tauri, to aikin jiya ya yi yawa, sai in rage shi, amma kada in daina gaba ɗaya. Ya kuma hana ni ƙara abu biyu a lokaci guda, wato idan na ƙara nisan tafiya a wannan mako, kada in ƙara sauri sai wani makon, domin idan ciwo ya tashi in san wanne ne ya tayar da shi.

Wannan ne ya sa nake jin takaicin al'adar da ta yaɗu a tsakanin matasanmu masu buga ƙwallo da masu aikin ƙarfi, ta haɗiye ƙwayar kashe zafi a shiga fili da rauni. Ƙwaya ba ta ɗinke jijiya, abin da take yi kawai shi ne ta toshe bakin mai gargaɗi, sai mutum ya yi ta taka gaɓar da take ƙara yagewa bai sani ba. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen suna da amfaninsu idan likita ya rubuta, amma yawan shansu yana fama gyambon ciki kuma yana cutar da ƙoda. Tramadol kuwa kowa ya ga abin da ta yi wa samari a garuruwanmu, kuma wasunsu ba da niyyar maye suka fara ta ba, ciwon baya ko na gwiwa ne ya kai su. Duk wanda sai ya sha ƙwaya yake iya wani atisaye, to lokacin wannan atisayen bai yi ba tukuna.

Sallah ta kasance babban ɓangare na wannan jinya ta hanyar da ban zata ba. Mutumin da ya saba ruku'u da sujada tun yana yaro, ranar da ya ga kansa a kan kujera a ƙarshen sahu yakan ji wani irin nauyi a zuciya, kamar kowa shi yake kallo. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne hadisin Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, wanda Buhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi saboda rashin lafiyarsa da ya yi sallah a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Na ga tsari mai zurfi a cikin wannan umarni, domin bai ce a bar ibadar sai an warke ba, bai kuma ce a azabtar da jiki ba, ya ce a yi abin da aka iya. Haka na riƙa bi mataki-mataki: da farko ina zaune daga kabbara har sallama, daga baya na riƙa tsayuwa da ruku'u in zauna in yi nuni a wurin sujada, sannan na kai goshi ƙasa amma ina miƙe ƙafar hagu gefe a zaman tahiya. Tafiya masallaci ita kanta ta zama atisayen tafiyata na farko, gajeriya, a kan hanyar da na sani, sau da yawa a yini, wanda kusan shi ne ainihin abin da mai gashin ƙashi yake so.

Maganar zuciya ita ce aka fi yin shiru a kanta, alhali a wurina ta fi ciwon gwiwar nauyi. Wanda ya saba fita da yamma ya yi gumi ya dawo, idan aka raba shi da wannan, ba motsi kaɗai ya rasa ba; ya rasa abokan da yake gani kullum, da abin da yake raba masa yini gida biyu, da gajiyar da take kawo barci mai daɗi. Barcina ya lalace, raina ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma idan la'asar ta yi na ji ihun yara daga filin sai gidan ya yi mini ƙunci. Likitoci sun tabbatar cewa motsa jiki yana rage damuwa da ƙuncin rai, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan yanke shi farat ɗaya ya bar gurbi. Abin da ya taimake ni shi ne na ƙi yarda in ɓace daga cikin jama'ata. Da zarar na iya takawa da sanda sai na koma filin, ina zama a gefe ina riƙe musu agogo da wayoyinsu, ina kuma yin atisayen miƙe ƙafa a kan bencin da nake zaune. Lokacin da na saba bugawa ya ci gaba da zama lokacin motsa jikina, aikin ne kawai ya canza. Wani dattijo da yake zuwa kallo, wanda ya yi fama da karaya a ƙuruciyarsa, yakan tambaye ni, "Ɗana, yau ina aka kai?" kuma sanin cewa za a yi mini wannan tambaya yana cikin abin da yake tayar da ni in yi atisayen safe a ranakun kasala.

Kyautata zato ba yana nufin mutum ya yaudari kansa ba. Mun saba idan aka ce "ya jiki" mu amsa da "da sauƙi" ko da ciwo yana cinmu, kuma wannan ladabi ne mai kyau da godiya ga Allah a gaban mai dubiya. Amma a gaban likita ko mai gashin ƙashi amsar nan ba ta wadatar ba, sai an faɗi inda yake ciwo, da lokacin da yake tashi, da abin da yake tayar da shi, ko da faɗin zai sa a mayar da mutum matakin baya. Warkewa kuma ba ta tafiya a miƙe. Akwai makon da komai zai yi kyau, sai wani ya biyo baya da kumburi ba tare da wani dalili bayyananne ba, musamman da sanyin hunturu da yake sa gaɓa tauri da safe. Imani da ƙaddara ya raba ni da yawan "da na sani" game da ranar da abin ya faru, ya bar mini ƙarfin da zan fuskanci abin da yake hannuna, wato atisayen yau. Idan kuma ƙuncin ya zarce, mutum ya daina cin abinci ko ya daina sha'awar komai na tsawon makonni, wannan ma ciwo ne da ake kai wa likita, ba rashin tawakkali ba ne.

Masu son ƙwallo suna yawan kawo mini labarin Ronaldo na Barazil domin su ƙarfafa mini gwiwa, kuma labari ne da ya cancanci a tuna. Ya ji rauni a gwiwarsa ta dama a watan Nuwamba na 1999 yana buga wa Inter Milan, ya dawo a watan Afrilu na 2000 a wasa da Lazio, bayan 'yan mintuna jijiyar gwiwar ta tsinke gaba ɗaya a gaban idon duniya. Kakar wasa ta gaba ko sau ɗaya bai buga ba, mutane da yawa suka ce tasa ta ƙare, amma a gasar cin kofin duniya ta 2002 ya ci ƙwallo 8, biyu daga ciki a wasan ƙarshe da Jamus. Jama'a sun fi riƙe ƙarshen labarin, ni kuwa tsakiyarsa ce ta fi yi mini amfani, wato dogon lokacin da ya shafe yana maimaita ƙananan atisaye ba mai tafa masa. Ya kamata kuma mu tuna cewa shi yana da likitoci da masu horarwa da ba su da wani aiki sai gwiwarsa, mu kuwa muna jinya ne muna fita neman abinci, muna hawa A Daidaita Sahu a kan hanyoyi masu gargada, saboda haka bai dace talaka ya auna saurin warkewarsa da na ɗan wasan Turai ba.

Abinci da barci suna da nasu rabon. Jiki yana buƙatar abin gina tsoka domin gyara abin da ya yage, kuma wake da awara da ƙwai da kifi da nono da gyaɗa duk suna kusa da mu. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda motsinsa ya ragu amma malmalar tuwonsa ba ta ragu ba, ga lemon kwalba da kayan dubiya, zai ƙara ƙiba a daidai lokacin da gwiwarsa ba ta son ƙarin kaya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 a kan masu ciwon gwiwa ya nuna cewa duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Taba sigari tana jinkirta haɗewar ƙashi da warkewar rauni. Da zafin bazara na mayar da atisayen bayan sallar asuba, da azumi kuma bayan buɗa-baki. Matan da suke jinyar baya ko gwiwa a cikin gida, da iyayenmu tsofaffi da ake hana su ko ɗaukar buta saboda tausayi, su ma wannan magana ta shafe su, domin kusan duk abin da na ambata ana yinsa a tsakar gida da kujera da tabarma, bayan likita ya duba ya faɗi iyakar da za a tsaya.

Komawa fili ta zo da nata tsoron, wanda ya daɗe bayan ciwon ya tafi. Gwiwar ta daina zafi a tafiya da gudu a miƙe tun kafin in yarda in juya a kanta da sauri, domin juyawa ce ta jawo raunin tun farko, kuma jiki yana riƙe irin wannan. Mai gashin ƙashin bai dogara da kalanda ba wajen ba ni izini, gwaji ya yi mini: in tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe, in sauko daga matakala a hankali ba tare da gwiwar ta karkata ciki ba, in yi tsalle da ƙafar hagu a auna nisan a kwatanta da na dama. Sai da tazarar da ke tsakaninsu ta zama kaɗan sannan ya bar ni na fara gudu mai lanƙwasa tsakanin duwatsun da na jera, daga nan na shiga ba da ƙwallo ba tare da gwabzawa ba. Yanzu rabin lokaci nake bugawa, kuma na shawo kan abokan wasanmu mun cike ramukan filin, mun kuma fara ɗumama jiki kafin a take ƙwallo, muna bin wani ɓangare na shirin nan na kimanin minti 20 da aka tsara a ƙarƙashin hukumar FIFA a 2006 domin rage raunin 'yan wasa. Atisayen cinya da na tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ban ajiye su ba, saboda gaɓar da ta taɓa rauni ta fi saurin sake jin wani, kuma akwai sauran gwajin tsalle da za a maimaita mini kafin a bar ni in buga cikakken wasa.